Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Gano Shekarun Tsoffin Dauloli da Masu Hikimar Zamanin Da

Mai karanta littafin tarihi yakan ga an rubuta cewa Hammurabi ya hau gadon sarautar Babila a shekara ta 1792 kafin Miladiyya, ko cewa an kashe Sukrat, masanin falsafa na Girka, a shekara ta 399, sai ya ɗauka dukkan lambobin nan ƙarfinsu ɗaya ne. Alhali kowace lamba a cikinsu tana ɗaure ne a wani turke, wani turken a kafe yake daram, wani kuwa yana girgiɗi.

Mutanen da suka rayu kafin a ƙirƙiro ƙidayar Miladiyya, ta yaya aka san shekarunsu da ita?

Babu wani Bamisire ko Bababile da ya taɓa rubuta "kafin Miladiyya", domin wani malamin coci mai suna Diyonisiyus ne ya tsara wannan ƙidaya a birnin Rum a shekara ta 525 Miladiyya, kuma ta ɗauki ƙarnuka kafin ta bazu ko a Turai. Kowace al'umma tana da hanyarta. Misirawa suna ƙirga shekarun mulkin fir'aunan da ke kan gado, in ya mutu a koma ɗaya. Mutanen Babila na zamanin Hammurabi suna sa wa kowace shekara sunan wani babban abu da ya faru, kamar haƙa magudanar ruwa ko cin wani gari da yaƙi. Mutanen birnin Atina na Girka suna kiran shekara da sunan babban jami'in da aka naɗa a cikinta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Larabawa sun yi lissafi da Shekarar Giwa kafin Halifa Umar ya tsayar da ƙidayar Hijira, kuma tsofaffi a ƙasar Hausa sun daɗe suna cewa an haifi wane a shekarar Kakalaba, wato babbar yunwar 1914.

Aikin masanin tarihi shi ne ya jera waɗannan shekaru masu suna ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba, sa'an nan ya nemi wuri guda inda jerin ya haɗu da wani abu da aka san lokacinsa tabbas. Da zarar an sami wannan mahaɗa, sauran jerin sai ƙidaya gaba da baya.

Me ya sa lambobin kafin Miladiyya suke tafiya da baya?

Domin ana ƙirga nisansu ne daga farkon Miladiyya, shekara ta 500 ta riga shekara ta 400. Saboda haka Aristo, masanin falsafa na Girka, wanda aka haifa a 384 ya rasu a 322, ya yi shekara 62 a duniya. Babu shekarar sifiri a wannan lissafi, daga 1 kafin Miladiyya sai 1 Miladiyya, kuma ƙarni na 6 kafin Miladiyya ya fara ne daga 600 ya ƙare a 501.

Jerin sunayen sarakuna da aka samu a rubuce abin dogaro ne?

Abin dogaro ne matuƙar an tuna cewa a fada aka rubuta su, kuma fada tana da abin da take so a sani da abin da take so a manta. A haikalin fir'auna Seti na Ɗaya da ke Abidos an sassaƙa sunayen sarakuna 76 a bango, amma an tsallake sarauniya Hatshefsut, an tsallake Akhenaten da Tutankhamun, an kuma share baƙin sarakunan nan da ake kira Hiksos gaba ɗaya. Wanda ya dogara da wannan jeri kaɗai zai rasa ɗaruruwan shekaru bai sani ba. Maneto, wani limamin Misira na ƙarni na 3 kafin Miladiyya, shi ya raba fir'aunoni gida 30 kamar yadda ake bi har yau, sai dai littafinsa ya ɓata, abin da ya rage guntaye ne da marubutan baya suka kwafa, kuma lambobinsu sukan saɓa wa juna.

Jerin sarakunan Sumer, a kudancin Iraƙi ta yau, matsalarsa ta fi haka. Ya ce sarki na farko, Alulim na birnin Eridu, ya yi shekara 28,800 yana mulki. Ko bayan lambobin sun sauko zuwa abin da hankali zai ɗauka, marubucin ya jera gidajen sarautar Kish da Uruk da Ur kamar ɗaya ya gaji ɗaya, alhali da yawa daga cikinsu a lokaci guda suka yi mulki, kowa a birninsa. Kuskuren tsallake sarki yana gajarta tarihi, kuskuren jera sa'o'in juna kuwa yana tsawaita shi, kuma sau da yawa ana samun duka biyun a takarda ɗaya.

Abin da ke gyara wannan shi ne wasiƙu da yarjejeniyoyi tsakanin dauloli. A 1887 aka gano allunan yumɓu fiye da 300 a Amarna, kufan birnin Akhenaten, cikinsu akwai wasiƙun da Burna-Buriyash na Biyu sarkin Babila da Ashur-uballit sarkin Assuriya suka aika wa fir'auna. Wasiƙa ba ta zuwa ga wanda ya mutu shekara ɗari da suka wuce, don haka dole jerin ƙasashen uku ya daidaita a wannan wuri. Haka ma yarjejeniyar sulhu tsakanin Ramsis na Biyu da Hattusili na Uku sarkin Hittiyawa, wadda aka ƙulla a shekara ta 21 ta mulkin Ramsis, ta ɗaure tarihin Misira da na ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu.

To wane turke ne ya fi kowanne ƙarfi?

Husufin rana. Masana taurari suna iya lissafa ranar da aka yi kowane husufi da yankin da aka gan shi, ko da shekara dubu uku ne baya. Assuriyawa suna sa wa kowace shekara sunan wani babban hakimi, kuma an sami jerin waɗannan sunaye a allunan yumɓu babu giɓi na tsawon fiye da shekara 250. A gefen sunan Bur-Sagale, gwamnan Guzana, magatakarda ya rubuta cewa an yi tawaye a birnin Ashur kuma rana ta yi husufi a watan Simanu. Lissafi ya nuna husufin ranar 15 ga Yuni, 763 kafin Miladiyya ne. Wannan layi ɗaya tak ya tsayar da shekarun sarakunan Assuriya tun daga wajen 910 har tsakiyar ƙarni na 7, kuma da yake sun yi yaƙi da kusan kowa a yankin suna rubutawa, sai shekarun maƙwabtansu suka tsayu tare da nasu.

A ƙasar Sin, shekara ta 841 kafin Miladiyya ce farkon lokacin da masanin tarihi Sima Ciyan ya iya jera shekaru ɗaya bayan ɗaya, kuma shi da kansa ya ƙi ba da lambobi filla-filla ga abin da ya gabace ta saboda majiyoyinsa sun saɓa. Wannan tsantseni na mutumin da ya rayu shekara dubu biyu da suka wuce ya isa abin koyi ga marubuta da yawa na yau.

Me ya sa wani littafi zai ce Hammurabi ya hau mulki a 1792, wani kuma ya ce 1728?

Domin jerin Assuriya yana da giɓi idan aka koma can baya, kuma turken da aka samu na zamanin Hammurabi mai motsi ne. Akwai wani allo da ya adana bayanin fitowa da ɓacewar tauraruwar Zahra, wadda Hausawa ke kira Zara matar wata, na tsawon shekara 21 a mulkin Ammisaduka, ɗaya daga cikin magadan Hammurabi. Matsalar ita ce tafiyar Zahra tana maimaita kanta, har yanayi kusan iri ɗaya yakan dawo bayan shekara 56 ko 64, saboda haka bayanin ya dace da lokaci fiye da ɗaya. Daga nan aka sami lissafi na tsakiya, wanda ya ba Hammurabi 1792 zuwa 1750 ya sa faɗuwar Babila a hannun Hittiyawa a 1595, da gajeren lissafi wanda ya sauko da komai da shekara 64. Yawancin littattafai suna bin na tsakiya, kuma binciken katakon da aka yi gini da shi a tsoffin biranen Turkiyya masu ciniki da Assuriya ya ƙarfafa shi. Abin lura shi ne duk masanan sun yarda ya yi shekara 43 ko kusa da haka a kan gado, sun kuma san wanda ya gada da wanda ya gaje shi. Inda za a kafa jerin gaba ɗaya ne kawai ake gardama.

Yaya gwajin kabon-14 yake aiki?

Duk wani abu mai rai yana ɗaukar sinadarin kabon, tsiro daga iska, dabba da mutum daga abinci, kuma ɗan ƙanƙanin kaso na wannan kabon wani nau'i ne da ba ya zama daram, wanda ake kira kabon-14. Da zarar rai ya fita, shigar sabo ta tsaya, wanda ke jiki kuma ya fara raguwa a kan ƙa'ida: rabinsa yana ƙarewa a shekara 5,730, rabin abin da ya rage kuma a wasu shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, sai a lissafa tsawon lokacin da ya wuce tun mutuwarsa. Bayan shekara 50,000 abin da ke saura ya yi kaɗan ƙwarai har ba ya aunuwa da kyau.

Willard Libby na Jami'ar Shikago a Amurka ne ya ƙirƙiro hanyar a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1960. Abin sha'awa, da katako daga kaburburan fir'aunoni irin su Josa da Sinefru ya fara gwada ta, wato tarihin Misira ne ya fara zama ma'aunin kabon kafin kabon ya dawo yana auna tarihin Misira. Daga baya aka gane yawan kabon-14 a iska yana hawa da sauka daga zamani zuwa zamani, sai aka koma ga itatuwa don gyara lissafi. A ƙasashe masu sanyi itace yana ƙara da'ira ɗaya a kututturensa kowace shekara, kuma ta haɗa da'irorin tsoffin itatuwa na Kalifoniya da na Jamus da Ailan aka sami ma'auni na fiye da shekara 12,000 wanda ake gyara sakamakon ɗakin gwaji da shi. A 2010 wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Okusfod ya gwada tsirrai sama da 200 daga kaburburan fir'aunonin da aka sani, sakamakon kuma ya zo kusa ƙwarai da abin da masana tarihi suka riga suka lissafa daga rubuce-rubuce.

Idan haka ne, me ya hana kabon ya kashe kowace gardama?

Kabon ba ya auna dutse ko ƙarfe, kuma abin da yake faɗa shi ne lokacin da tsiro ko dabba ta mutu, wanda ba lallai ne ya zama lokacin da aka yi amfani da ita ba. Azarar da aka ciro daga tsohon ɗaki aka sa a sabo za ta ba da shekarun tsohon ɗakin. Shi ya sa masu tonon kufai suka fi son ƙwayar hatsi ko ƙwallon ɗan itace, abin da ba ya wuce damina ɗaya. Sa'an nan sakamakon yakan zo ne da tazara, a ce tsakanin shekara kaza da kaza. Fashewar dutse mai aman wuta a tsibirin Tera na Girka misali ce sananniya: kabon ya nuna wajen 1600 kafin Miladiyya, tukwanen da aka kwatanta da na Misira sun nuna wajen 1500, kuma an shafe gomman shekaru ana jayayya a kan wannan ƙarni guda.

Akwai kuma wata rashin sa'a ta musamman. Tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya yawan kabon-14 a iska ya sauya ta yadda abubuwan da suka mutu a ko'ina cikin waɗannan shekaru 400 suke ba da sakamako kusan iri ɗaya. Wannan kuwa shi ne daidai zamanin da manyan masu hikimar Girka da Indiya da Sin suka rayu.

Wace wayewa ce ta riga saura?

Amsar ta danganta da abin da ake nufi da wayewa. In rubutu da manyan birane ake nufi, Uruk ta kudancin Iraƙi tana da allunan rubutu tun wajen 3300 zuwa 3200 kafin Miladiyya, Misira kuma tana dab da ita, ta haɗe ƙarƙashin sarki ɗaya wajen 3100, ta gina babbar dalar Giza wajen 2560. Biranen Harappa da Mohenjo-daro a Pakistan ta yau sun bunƙasa tsakanin 2600 da 1900, sai dai har yanzu ba a karanta rubutunsu ba, don haka ba a san sunan ko sarki ɗaya nasu ba, shekarunsu daga kabon da kayan cinikinsu da aka samu a Iraƙi suka fito. Daular Karma a Sudan ta tashi wajen 2500. Rubutun Sin mafi tsufa da aka tabbatar, wanda aka yi a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru a Anyang, na wajen 1250 ne. In kuwa babban gini ake nufi, ginshiƙan dutse na Gobekli Tefe a Turkiyya sun kai wajen 9500 kafin Miladiyya, wato sun girmi dalar Giza da kusan shekara 7,000.

Me ya sa shekarun masu hikima suka fi na sarakuna wuyar tabbatarwa?

Sarki yana barin sunansa a dutse da hatimi da takardun haraji tun yana raye. Malami kuwa almajirai yake bari, su ne suke ɗaukar maganarsa a ka, wani lokaci tsawon ƙarnuka kafin a rubuta, kuma almajiri yana da dalilin tsufar da malaminsa don ƙara masa daraja. Nasihohin da ake jingina wa Fitahotef, wazirin wani fir'auna na wajen 2400 kafin Miladiyya, kwafinsu mafi tsufa ya zo ne bayan kusan shekara 500. Haka waƙoƙin Enheduwanna, 'yar sarki Sargon na Akkad: an tabbatar ta rayu wajen 2300 domin an sami faifan dutse mai sunanta a Ur, amma allunan waƙoƙin na ɗaruruwan shekaru bayanta ne. Dole a raba tambayoyi uku da ake yawan cakuɗawa: yaushe mutumin ya rayu, yaushe aka tsara maganar da ake jingina masa, yaushe kuma aka rubuta kwafin da ke hannu.

Shekarun masanan Girka fa, ai su an san su sosai?

Na baya-bayan an sani. An yanke wa Sukrat hukuncin kisa a 399, an san haka daga jerin jami'an Atina, kuma marubucin wasan kwaikwayo Aristofanis ya yi masa ba'a a dandali a 423 yana da ransa. Na farkon kuwa lissafinsu ya fi rauni fiye da yadda littattafai ke nunawa. Masanin tarihi Herodotas ya ba da labarin cewa rana ta koma dare ana tsakiyar yaƙi tsakanin Lidiyawa da Mediyawa, kuma Talis, ɗaya daga cikin masanan Girka na farko, ya riga ya faɗi hakan zai faru. Masana taurari sun daidaita wannan da husufin 28 ga Mayu, 585. Wani malamin Atina mai suna Afolodoras, a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, yana da dabarar ɗaukar fitaccen abin da ya faru a rayuwar mutum ya ce a lokacin yana da shekara 40. Da wannan dabara aka sami cewa an haifi Talis wajen 625. Lambar da take kama da rajistar haihuwa ashe husufi ne aka ƙara wa arba'in. Fisagoras, masanin lissafi da falsafa, shi ma bai bar rubutu ko ɗaya ba, kuma cikakkun tarihin rayuwarsa da suka iso gare mu an rubuta su ne wajen shekara 700 bayan mutuwarsa.

Yaya batun Buddha da Zaradusht da malaman Sin?

Shekarun Buddha, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, sun rataya ne a kan sarki Ashoka na Indiya, Ashoka kuma ya rataya a kan Girkawa. A ɗaya daga cikin sanarwar da ya sa aka sassaƙa a duwatsu, wadda aka iya karantawa bayan James Prinsep ya warware rubutun Birahmi a 1837, Ashoka ya ambaci sarakuna biyar na zamaninsa, ciki har da Antiyokas na Siriya da Batlamiyus na Misira, waɗanda aka san shekarunsu. Daga nan aka sa naɗinsa wajen 268. Ruwayar Siri Lanka ta ce Buddha ya rasu shekara 218 kafin naɗin, wato wajen 486, wasu ruwayoyin na arewacin Indiya kuma suka ce shekara 100 ce. Kalandar da ake amfani da ita a Tailan, wadda ke ƙirga shekaru daga rasuwarsa, ta fara ne daga 543. Masana da yawa a yau sun karkata ga wajen 400, domin biranen da labaran suka ce ya ziyarta ba su girma ba sai a wannan lokaci.

Tazarar Zaradusht, malamin tsohon addinin Farisa, ta fi ta kowa faɗi. Al-Biruni, wanda ya rubuta littafi kan ƙidayar shekarun al'ummai wajen shekara ta 1000 Miladiyya, ya kawo ruwayar Farisawa cewa ya bayyana shekara 258 kafin Iskandar na Makidoniya, abin da zai sa shi a ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Wasu Girkawa sun ce ya riga Aflatun, almajirin Sukrat, da shekara 6,000. Masana harshe kuwa sun lura cewa harshen waƙoƙinsa tsoho ne ƙwarai, ɗan'uwan harshen tsoffin waƙoƙin addini na Indiya, kuma duniyar da yake kwatantawa ta makiyaya ce wadda ba ta san daular Farisa ba, don haka da yawansu suka mai da shi tsakanin 1500 da 1000. Hujjar harshe tana nuna wanda ya riga wani, amma ba ta ba da shekara, domin harshen ibada yakan daɗe bai sauya ba.

Konfushiyas, malamin ƙasar Sin, ya fi su sa'a. An ba shi 551 zuwa 479, kuma ƙasarsa ta Lu tana da kundin shekara-shekara mai ɗauke da husufi fiye da 30, waɗanda lissafi ya tabbatar da yawancinsu. Lawzi, wanda ake cewa ya girme shi, Sima Ciyan kansa ya kawo labarai masu karo da juna a kansa, kuma guntayen littafinsa mafi tsufa, waɗanda aka tono a wani kabari a Guwodiyan a 1993, na wajen 300 ne.

Ana amfani da waɗannan hanyoyi a tarihin ƙasashenmu?

Su ɗin ne dai. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Shekara ta 999 da ake ba Bagauda ta fito ne daga tara waɗannan lambobi a koma baya, kamar yadda H. R. Palmer ya yi a fassararsa ta 1908, saboda haka kuskure a mulki ɗaya zai gusar da duk na gabansa. Turken wannan jeri shi ne Muhammadu Rumfa, wanda lissafin ya ba 1463 zuwa 1499, domin an san daga majiyoyin waje cewa Shaihu al-Magili ya zo Kano wajen 1492 ya rubuta wa sarkin nasiha kan mulki.

Inda babu rubutu kuwa sai ɗakin gwaji. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da ke jihar Yobe yanzu, kabon ya ba shi kimanin shekara 8,000. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, a tsakiyar Najeriya, da farko an same su ne a ramukan haƙar kuza, ruwa ya riga ya kwashe su daga inda aka ajiye su, don haka shekarun da masanin tonon kufai Bernard Fagg ya fara ba su ƙiyasi ne. Tonon da masanan Jami'ar Firankfut suka yi tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya tun daga 2005 ya dogara ne da ƙonannun ƙwayoyin gero da aka samu tare da tsingaro, ya nuna mutanen sun zauna a yankin tun wajen 1500 kafin Miladiyya, sun fara mutum-mutumin wajen 900. Murhunan narkar da tama nasu kuwa da yawa sun faɗa cikin shekarun nan na 800 zuwa 400 inda kabon ba ya rarrabewa, shi ya sa ake ba da farkon ƙira a Nok da tazarar ƙarnuka.